Farauta, Tsere da Namun Daji: Me Za Mu Bar ma 'Ya'yanmu?

Jawabin da mushen lakwal ɗin garinmu ya yi gaban taron ƙungiya bayan girbi. An buga shi nan don 'yan'uwa da ke ci-rani da waɗanda ba su samu zuwa ba.



Maigari, ranka ya daɗe. Allah gafarta malam liman. Sarkin baka da sauran maharba, shugaban ƙungiya, iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku barka da kaka.

Shugaba ya ce in yi magana bisa batun da ya raba kawunanmu tun taron da ya wuce, wato farautar rani. Wasu sun ce a yi ta kamar kullum, a ƙara ma da moto tunda samari sun samu. Wasu sun ce a bar ta kwata-kwata, daji ya ƙare. Ni yaro ne a gabanku, aikina alli da allo ne, ban taɓa rataya kwari ba. Abin da na karanta da abin da na ji daga bakinku zan tara in aje gabanku, ku ne masu yanke shawara. Maganata kashi huɗu ce: yadda daji yake a da, abin da ya cinye shi, shaidar da ke nuna dabba tana dawowa in an ba ta sarari, sannan abin da nake roƙon ƙungiya.

1. Dajin da, da wasansa

Dattawan da ke zaune nan sun ga abin da mu ba mu gani ba. Sun ga jimina tana kiwo arewa da Dakwaro. Sun ga barewa garke garke. Sun ga mariri, mai dogon ƙaho kamar takobi, yana gangarowa kudu in rani ya yi tsanani. Sun ga raƙumin dawa yana cin ganyen ƙaya a wajen Gadabeji. Zabi kuwa da zomaye da tuje, ba a ma lissafa su.

Yau yaran ajina sun san karin maganar da ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Suna rubuta ta daidai a kan allo. Amma in na ce wanda ya taɓa ganin barewa da idonsa ya ɗaga hannu, hannuwan da ke tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Jimina kuma sai hoton littafi.

Ina so mu gane abu guda tun farko: farautar iyayenmu ba neman nama kaɗai ba ce. Makaranta ce. A can ne saurayi ke koyon jure ƙishirwa da yunwa, da tafiyar yini a ƙasa, da karanta sawu, da sanin iska, da tsayawa in abin tsoro ya taso. A can ake gane jarumi da mai cika baki. Wanda ya ce farauta wauta ce bai san ta ba.

Amma makarantar tana da doka. Ba a shiga daji sai an buɗe shi, sai kuma sarkin baka ya ba da izini. Tsofaffin maharba suna gaya mana da damina ana barin daji ya huta, don lokacin ne zabi ke ƙwai, dabbobi na goyo. Kuma dabba tana da nata rabo a cikin wasan. Mutum yana da kare da gora da baka, barewa tana da ƙafa da hanci. Sau da yawa ita ke cin nasara, a koma gida hannu banza ana dariya.

Ku dubi kokowa. Tun gasar ƙasa ta farko da anka yi a Tawa a 1975, kusan kowace shekara Nijar duka tana kasa kunne ga rediyo. Me ya sa ta daɗe? Don tana da alƙali da doka, kuma wanda anka kayar yana tashi ya kakkaɓe ƙasa, baɗi ya dawo fage. Da a ce sarkin kokowa yana karya ƙafar duk wanda ya kama, da shekara nawa za a yi kafin ya rasa abokin karawa? To, naman daji shi ne abokin karawar maharbi. Ranar da ya ƙare, ranar maharbi ya zama mai ba da labari.

2. Abin da ya cinye daji

Abu uku ne.

Na farko fari. Na 1973 da 1974, da na 1984, sun kashe dabbar gida da ta daji, sun kuma sa mai jin yunwa ya ci duk abin da ya samu. Ba mai ganin laifin kowa a nan.

Na biyu yawan jama'a. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da 'yan kai a Nijar. Ta 2012 ta samu sama da miliyan 17. Kowane baki yana son gona, kowace gona daji ce da anka sare, kowace sabuwar rijiya tana kai garke inda da sai namun daji.

Na uku, kuma a kansa zan daɗe, shi ne haɗuwar mota da bindiga. Barewa tana tsere ma kare, tana tsere ma doki, don su ma suna gajiya. Mota ba ta gajiya. Mai kat-kat yana bin garke a fili har numfashi ya ƙare musu, sannan ya sauko ya zaɓa. Da dare kuma ya haska musu fitila, su tsaya cik, ya harbe. Wannan ba farauta ba ce, yanka ne. Ba ƙafa a ciki, ba ido, ba zuciya, sai man fetur.

Ga abin da ya biyo baya. Mariri ya ɓace daga Nijar da Cadi da Mali, har a shekara ta 2000 masana na duniya sunka rubuta cewa ba sauran ko ɗaya da ke yawo a daji, sai na cikin shinge a ƙasashen waje. Jiminar Azbin ta ƙare a shekarun 1990, lokacin tawaye, har sai da anka koma kiwon 'yan kaɗan da sunka rage cikin shinge a Kelle, ƙasar Gure, don kada irin ya mutu. Tuje kuma ya sha wahala a hannun attajiran ƙasashen Larabawa masu zuwa da shaho da jerin motoci.

Akwai wata dabba ta hamada, fara mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda littafi ke kira adaks. Tana iya yin watanni ba ta sha ruwa ba, ɗanyen haki da raɓa sun ishe ta. Hamada ba ta kashe ta ba, fari bai kashe ta ba. Gwamnati ta keɓe mata wuri tun 1988, cikin gandun Azbin da Tenere mai faɗin murabba'in kilomita sama da dubu 77. A 2012 anka ƙara keɓe gandun Tarmit da Tin Tuma, murabba'in kilomita wajen dubu 97. Duk da haka, wajen 2010 an ƙiyasta saura kamar 200 a can. Sai aikin neman man fetur ya buɗe hanyoyi cikin rairayi, rikicin Libiya na 2011 ya watsa makamai da motoci. A 2016 masu bincike sunka zagaya da jirgin sama da mota, sunka ga guda 3. Uku, jama'a. Darasin a fili yake: takarda da hatimi ba su tsare daji, sai mutanen da ke zaune bakinsa.

Tunda muna maganar mota, bari in taɓo wasan da samarinmu ke sha'awa, wato tseren hamada. Babbansu shi ne Pari-Dakar. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya kafa shi. Sun tashi daga Pari ranar 26 ga Disamba 1978, motoci da moto 182, sunka bi ta Aljeriya, sunka shigo Agadas da Yamai, sunka wuce Mali. Guda 74 kaɗai sunka isa Dakar. A 1983 sunka keta Tenere, guguwar rairayi ta ɓatar da wajen mutum 40 daga cikinsu, sai da anka yi kwanaki ana nema. Ba na raina musu zuciya. Mutumin da ya hau moto ya shiga Tenere shi kaɗai ba matsoraci ba ne. Sabine kansa ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a 1986, yana bisa aikin tseren.

Ban kuma ce tseren ne ya ƙare namun daji ba. Ga dai tambayata: me ya bari? Yana zuwa kamar guguwa, masu masauki da masu sayar da kaya a Agadas su samu cinikin kwana biyu, ya wuce. A wasu ƙauyukan Afirka ta Yamma ya bar iyaye da makokin yaran da mota ta take. A shekara ta 2000, da anka ji barazanar hari, an kwashe 'yan tseren da motocinsu cikin jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya, ba su taka hamadarmu ba. A 2008 an soke shi, daga 2009 ya koma Amurka ta Kudu, daga 2020 kuma Saudiyya. Har yau sunan Dakar yake ɗauke da shi, amma ƙafarsa ba ta nan. Wasan da bai da gida a daji, ranar wuya ba ya tsayawa.

Alhali wannan Tenere ɗin, madugan ayarin gishiri sun yi ɗaruruwan shekaru suna keta ta da raƙuma zuwa Fashi da Bilma, da taurari da sanin rijiyoyi. A bisa hanyarsu akwai wata ƙaya guda ɗaya tak, wadda ba ta da 'yar'uwa a tsawon kilomita wajen 400. Ayari bayan ayari sun yada zango gindinta, ba wanda ya sare reshenta ya dafa shayi. A 1973 wani direban kamyo ya banke ta. Gawarta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Itace guda cikin fili ba iyaka, mota ta same shi.

3. Dabba tana dawowa

Kada wannan ya kashe muku jiki. Ina da shaidu uku, biyu daga cikinsu ma na gida ne.

Shaida ta farko raƙumin dawa. Irin namu na Afirka ta Yamma, mai hasken fata, da ana samunsa daga Senegal har tabkin Cadi. A 1996 an ƙirga saura 49 a duniya duka, kuma duk a wuri guda: yankin Kure da Dallol Boso, kilomita wajen 60 daga Yamai bisa hanyar Doso. Ku lura, wurin ba gandu ba ne mai shinge. Gonakin mutane ne. Da damina raƙuman suna hawa tudu, da rani su gangaro dallol su ci ganyen gawo. Gwamnati ta hana kashe su, manoma sunka haƙura da su, samarin wurin sunka kafa ƙungiyar 'yan rakiya masu kai baƙi kallo, ƙungiyoyin taimako sunka kawo rijiyoyi da ƙananan bashi ga ƙauyuka. Raƙumar dawa tana ɗaukar ciki wata 15, ta haifi ɗa guda. Duk da wannan jinkiri, a 2018 sun haura 600.

Haƙurin nan ba kyauta ba ne. Raƙumin dawa yana cin wake a gona, yana cin mangwaro a lambu, manoman Kure sun yi asara sun kuma yi ƙara. Ranar 9 ga Agusta 2020 kuma 'yan bindiga sun kashe mutum 8 a wurin, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, ɗayansu ɗan rakiya ne. Baƙi sunka ɗauke ƙafa, abincin 'yan rakiya ya yanke. Na faɗi wannan don kada wani ya ɗauka ina yi muku alkawarin kuɗin 'yan yawon buɗe ido. Baƙo yana zuwa, yana kuma daina zuwa. In don shi kaɗai za mu tsare daji, ranar da ya daina za mu saki.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne wannan. Gandun Gadabeji, nan arewa da mu, an keɓe shi tun 1955, eka dubu 76 na lissafin Faransa. Raƙumin dawa ya yi kusan shekara 50 ba ya cikinsa. A watan Nuwamba 2018 an ɗauko guda 8 daga Kure cikin kamyo, tafiyar sama da kilomita 800, anka sake su a can. Sun zauna, suna kiwo kusa da shanun Fulani da raƙuman Buzaye, har sun haihu. Abin da kakanninmu sunka gani, jikokinsu suna iya gani yau ba tare da sun je Yamai ba.

Shaida ta biyu mariri. Wanda anka ce ya ƙare, a 2016 an kawo zuriyarsa daga Abu Dabi anka sake su a tsakiyar Cadi. Sun hayayyafa a daji, har a ƙarshen 2023 anka cire sunansa daga jerin waɗanda sunka ɓace. Amma ku tuna da jiragen sama da dukiya mai yawa anka yi wannan aiki. Tsare abin da ke hannu ya fi araha.

Shaida ta uku tana cikin gonakinku. A shekarun 1980 ƙasar Maraɗi ta zama fili, iska tana binne shuka. Manoma sunka fara sassaben zamani: a bar toho bisa kututture, a gyara shi, a hana akuya da gatari. Masu bincike sun ƙiyasta itace wajen miliyan 200 sun tashi ta haka a kudancin Nijar, bisa eka wajen miliyan 5. Ba soja ya yi wannan ba, ba perfe ba. Ku ne. Mutanen da sunka maido da gawo suna iya maido da zabo.

4. Abin da nake roƙon ƙungiya

Ba na cikin masu cewa a kashe farauta. Ba na kuma cikin masu cewa a hau moto. Dokar ƙasa ta 29 ga Afrilu 1998 ta riga ta sa raƙumin dawa da adaks da jimina cikin waɗanda ba a taɓawa ko kaɗan, ta kuma ce farauta sai da izini. Amma ma'aikatan gandun daji kaɗan ne, daji kuwa da faɗi. Dokar da za ta yi aiki ita ce wadda munka ɗaura ma kanmu. Ga shawarata:

Ɗaya. Ba moto, ba mota, ba fitilar dare, ba guba, ba cinna wuta don korar nama. Wanda ya ƙona daji don zomo guda ya ƙona abincin garken gari.

Biyu. Daga ruwan farko har a gama girbi daji a rufe yake. Ba a ɗaukar ƙwan zabi ko na tuje, ba a harbin mace mai ciki ko mai goyo. Zabin nan su ke tsince mana fara da tsutsa.

Uku. Maigari da sarkin baka su zaɓi yanki guda na dajinmu a bar shi shekara 3 ba farauta. Tsaronsa a hannun maharba, don su sunka fi kowa sanin sawun ɓarawo.

Huɗu. Kada ɗan garin nan ya kama ɗan barewa ya sayar ma masu kai su gidajen manya a birni. Mafi yawan lokaci sai an kashe uwa ake samun ɗan.

Biyar. Kafin sanyi ya shiga, a yi gayya a share hanyoyin tare wuta, tare da makiyaya.

Shida. Samari, wannan taku ce. Na san abin da kuke nema ba nama ba ne, suna ne. To, a sa rana guda kowace shekara ta wasan daji. A yi tseren ƙafa daga gari zuwa tudu a dawo. A yi sukuwa. A gayyato maƙwabtanmu Buzaye da tseren raƙuma irin na bikin gishiri a Ingal. A kafa ƙwarya a harba da baka. A yi gasar bin sawu: wanda ya bi barewa da ƙafa, ya kusance ta har ya ɗauki hotonta da salula ba ta ji shi ba, shi ne gwanin shekara, makaɗa su yi masa kirari. Ku tambayi sarkin baka, zai gaya muku wannan ya fi harbi daga bisa moto wuya sau goma. Masu moto kuma a auna musu fili a kan hanya, nesa da makiyaya, su gwada junansu.

Bakwai. Ni kuma ga nawa aiki. In iyaye sun yarda, kowane wata zan fita da manyan 'yan lakwal tare da maharbi guda, mu rubuta cikin littafi abin da munka gani: dabba kaza, wuri kaza, rana kaza. Maharbi ya koya musu sunaye da sawu, ni in koya musu lissafi. Bayan shekara 3 a buɗe littafin gaban taro, a ga ko dokar ta yi amfani. In asusun ƙungiya ya iya, mu nemi izinin ma'aikatan gandun daji na Dakwaro mu kai yaran Gadabeji.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce in mun bari, mutanen wani gari za su kashe. Gaskiya ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa nake roƙon maigari ya kai maganar ga takwarorinsa da ardo da sarkin kanto. Amma dole wani ya fara, kuma ba mu da bakin hana baƙo abin da 'ya'yanmu ke yi. Wasu za su ce dila yana cin 'yan awaki. Wannan a kai ƙara ga sarkin baka ya bi wanda ya yi ɓarnar, kada a zuba guba a mushe ta kashe ungulu da karnukan gari. Wasu kuma za su ce mai yunwa ba ya jin wa'azi. Haka ne. Amma naman da ake samu a farautar yanzu, ku faɗi gaskiya, yana kai ma kowane gida ko tsoka guda? Samari ɗari, karnuka hamsin, a dawo da zomo biyar da rigima. Ba mu rasa komai in mun huta, sai dai mu samu.

Iyayena maharba, ku ne kuka san daji, ba littafina ba. In kun ce wannan doka taku ce, ba yaron da zai tsallake ta. In kun yi shiru, moto zai yi magana a madadinku, kuma shekara kaɗan ta ishe shi.

Shugaba, ina roƙon a sa shawarwarin nan bakwai gaban taro ɗaya bayan ɗaya, a gyara na gyarawa, a rubuta wanda anka yarda da shi kafin a buɗe daji bana.

 Allah ya kai mu damina lafiya, ya ba mu zaman lafiya a gari da daji.